Rana da Hayaƙi a Harshen Hajiya

A kasuwar Nima, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Hajiya, ba a ƙara komai a kai. Ta ba shekara 70 baya. Rumfarta ba ta da wani girma: tebur ne da benci, sai daro uku a jere, kowanne shaƙe da busasshen jatan lande, 'yan halittun nan na ruwa masu ɓawo da dogon gashin baki, waɗanda a kasuwannin Najeriya ake ce wa kirafish. Baƙon da ya tsaya a gaban rumfar abu ɗaya zai gani an kasa gida uku. Ita kuwa a wurinta kaya uku ne, kuɗinsu daban, tukunyar da za su shiga ma daban. Na farko rana ce kaɗai ta busar da shi. Na biyu sai da aka tafasa shi cikin ruwan gishiri kafin a shanya. Na uku banda aka yi masa, wato an ƙyafe shi a kan wuta da hayaƙi.

Idan aka sauke mata sabon buhu, ba ta fara tambayar farashi. Takan tura hannu can tsakiyar buhun, ta ɗebo kaɗan, ta murje guda ɗaya kusa da kunnenta don ta ji ko zai karye ko zai lanƙwashe. Sa'an nan ta kai hanci, daga bisani ta jefa a baki, ta rufe ido. Ba a yi mata magana a wannan lokaci. In ta buɗe ido, takan faɗi kwana nawa abin ya yi a shanya, ko hadari ya taso masa, ko an cika masa wuta, wani lokaci har da irin itacen da aka hura. Masu kawo kaya daga wajen tafkin Keta da bakin kogin Volta sun daɗe da daina yi mata gardama.

Wannan sana'a ba gadon gidansu ba ce. Kakanninta fataken goro ne, daga ƙasar Kano suka bi hanyar Gwanja suka zauna a Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanen garin, wasu suka gangara kudu suna kafa zango har bakin teku. Sun zo da ilimin shanya cikakke, domin Bahaushe mutumin shanya ne: kilishi, kuka, kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, duk rana da iska ke yi masa aikinsu. Amma ilimin nasu na ƙasa mai hunturu ne, inda iska kan bushe har leɓe ya tsage. A bakin teku iska jiƙe take kusan duk shekara, abin da za a shanya da safe a Kano a kwashe da la'asar yakan kwana uku a nan bai rabu da danshi ba. Halittun ma baƙi ne a gare su. Mahaifiyar Hajiya har ta rasu tana ƙyamar jatan lande, tana ce masa kyankyason ruwa, ko da yake malaman zango sun tabbatar mata cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne.

Abin da ya shigar da shi tukunyar zango shi ne shito, baƙin yajin nan mai maiƙo da ƙabilar Ga ta yi fice da shi, wanda ake soyawa da barkono, albasa, citta, garin busasshen kifi da garin jatan lande. Matan zango ne ke riƙe da kasuwar shinkafa da wake, abincin da duk Gana ta sani da sunan waakye, sunan da ya fito daga kalmar wake ta Hausa, kuma ba a cin waakye ba shito. Ta wannan ƙofa Hajiya ta shiga sana'ar tun tana yarinya mai talla.

Mai koyon Hausa zai ƙaru ƙwarai idan ya yini a bencin nan, saboda kalmomin da take auna kaya da su. Ba ta tsayawa a kan daɗi da rashin daɗi. Akwai garɗi, daɗin abin da wuta ta taɓa daidai gwargwado, irin na soyayyar gyaɗa ko gasasshiyar masara. Akwai ƙarni, warin ɗanyen kifi da jini da ƙwai, wanda kaɗan daga cikinsa shaidar ruwa ce, mai yawa kuwa aibi ne. Akwai ƙauri, warin abin da ya ƙone. Akwai maƙaƙi, abin nan da ke kama maƙogwaro bayan an haɗiye tsohon mai. Akwai zarni, irin warin da ke tashi daga makwararin fitsari. Akwai kuma lami, abin da harshe ya taɓa bai ji komai ba. Kowace kalma a cikin waɗannan, a bakin Hajiya, hukunci ce a kan wanda ya yi shanyar, domin kowacce tana nuna wani abu da ya yi ko ya kasa yi.

Sau ɗaya harshen nan ya ba ta kunya, ko kuma, kamar yadda ita da kanta take gyarawa, sau ɗaya ta ƙi tambayarsa. Cikin watan Yuni ne, tsakiyar babbar damina, lokacin da kaya ke wuya. Wata mai sayar da waakye, wadda ta fi shekara 20 tana ciniki a rumfar, za ta aurar da 'yarta, ta kawo kuɗin gari mai yawa, na shiton biki da wanda amarya za ta tafi da shi ɗakinta. Ranar biki ta matso, masu kawo kaya na kullum ba su zo ba. Ana nan sai ga wani sabon mutum da buhu 6 na banda, jawur, yana sheƙi, farashinsa da sauƙi. Magariba ta kawo jiki, ana yayyafi, makwabta suna rufe rumfuna. Ta murje na saman buhu, ya karye, ta ƙirga kuɗi ta ba shi. Ba ta tura hannu tsakiya ba, ba ta tauna ba.

Da aka kai niƙa, garin ya riƙa dunƙulewa, yaron inji ya yi magana, aka ce laimar damina ce. Aka soya shito, aka yi biki. Bayan kwana biyu mai waakye ta zo rumfar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe ta kamar kullum, ta tambayi gida da jikoki, sa'an nan ta ciro wata kwalba daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

"Hajiya, ɗanɗana mini wannan."

Tun kafin cokali ya kai baki zarni ya riga shi. A ƙarƙashin barkono da albasa akwai ɗaci da ƙauri. Matar ta ce baƙi sun ci shinkafarsu sun ture yajin gefe, dangin ango kuma sun yi ta kallon juna. Hajiya ta mayar mata da kuɗinta duka, ta karɓa ta yi godiya, ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Da aka buɗe sauran buhunan a ɗakin ajiya, tsakiyarsu ta yi ɗumi, funfuna ta fara fitowa fari-fari. Wata makwabciya ta ba ta shawarar a sake shanyawa, a gauraya da mai kyau, a niƙa, ba wanda zai gane. Hajiya ta sa aka kwashe duka aka zubar. Jarin da ta daɗe tana tarawa ya tafi a wannan mako, amma ba shi ne ya hana ta barci ba.

Tana da jika mace da ta riƙe tun tana goye, wadda a lokacin take karatun kimiyyar abinci a jami'ar da ke Legon. Kamar yadda al'ada ta tanada tsakanin kaka da jika, Hajiya kishiya take kiranta, kuma ba sa rabuwa da tsiya. Yarinyar ta tsinci 'yan ƙwayoyi daga cikin abin da za a zubar, ta tsaga ɗaya da reza, ta nuna wa kakarta. Bayan ya bushe ƙamas, cikin kuwa laushi ne da danshi. Daga wannan rana, duk ƙarshen mako, su biyu sukan zauna a bencin rumfa, ɗaya da harshe, ɗaya da littafi, suna gwada abin da kowacce ta sani. Mafi yawan lokaci sukan tarar abu ɗaya suke faɗa da kalmomi biyu.

Abin da littafi ya fara faɗa shi ne lissafin ruwa. Kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na nauyin ɗanyen jatan lande ruwa ne. Kafin ya ajiyu sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20, shi ya sa kilo 4 na ɗanye ba ya ba da fiye da kilo 1 da 'yar ɗoriya na busasshe. Mafi yawan abubuwan da ke ba da ɗanɗano ba sa tashi tare da ruwan, suna nan, sai dai su taru su ninka ƙarfi, shi ya sa cokali ɗaya na gari ke juya tukunya guda. Amma taruwar ba ita kaɗai ba ce. Akwai kuma abin da ke faruwa da naman a tsawon lokacin da ruwan ke fita, a nan ne daron nan uku suka raba hanya.

A shanyar rana naman ɗanye ne, sinadaran da ke aikin narkarwa a jikin halittar, waɗanda masana ke kira inzayim, ba su daina aiki ba. Suna ci gaba da daddatsa furotin zuwa ƙananan guntaye da ake kira amino asid. Daga cikinsu akwai gilaisin da alanin, masu ɗan zaƙi, akwai kuma gulutamet. Shi gulutamet wani masanin kimiyya na Japan, Kikunae Ikeda, ya ware shi daga ciyawar teku a 1908, ya sa wa ɗanɗanonsa suna umami, kuma shi ne ke cikin daddawa da dunƙulen Maggi. Wannan ne ya sa Hajiya ke cewa na rana ya fi sauran daɗewa a baki. Sai dai ba inzayim kaɗai ke cin moriyar jinkirin ba. Ƙwayoyin bakteriya ma suna samun fili. Sukan juya wani sinadari marar wari da halittun teku ke ɗauke da shi zuwa wani mai suna tiraimetilamin, shi ne tushen ƙarni, in abin ya daɗe kuma su fitar da amoniya, ita ce zarni. Hasken rana da iska suna lalata ɗan man da ke cikin kan jatan lande, daga nan maƙaƙi ke fitowa. Saboda haka shanya tsere ce tsakanin bushewa da ruɓewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke gangarowa har bakin teku, bushewa ce ke cin tseren, kuma kayan wannan lokaci su Hajiya ke ɓoye wa manyan abokan cinikinta. A watan Yuni hadarin yini ɗaya ya isa ya juya sakamakon.

Tafasawa cikin ruwan gishiri tana yanke tseren tun daga farko. Zafi yana tsayar da inzayim, ya kashe mafi yawan bakteriya, naman ya tsuke ya fitar da wani ruwan, gishiri ya jawo wani. A nan ne launi ke juyawa. Akwai wani jan launi a ɓawon, mai suna astazantin, wanda furotin ke riƙe da shi a ɓoye; da zarar zafi ya kwance furotin ɗin, sai toka-toka ya koma ja. Na gishiri yakan fito da tsabta, da ɗan zaƙi, ƙarninsa kaɗan, kuma ya fi jure ajiya. Amma yana biyan haraji, domin amino asid masu narkewa ne a ruwa, wani kaso nasu yana zama cikin romon da ake zubarwa. Hajiya ba ta san sunansu ba, amma ta daɗe tana cewa na gishiri ya bar rabin dukiyarsa a tukunya. Da jikar ta gaya mata cewa a kudancin ƙasar Sin irin wannan romo, na kawa, shi ake dafawa har ya yi kauri ya zama wata baƙar miya da ake sayarwa a kwalba duk duniya, sai ta ce lalle mutanen can sun san ciwon kuɗinsu.

Banda kuwa wuta ce da hayaƙi tare, kowanne da aikinsa. Zafi yana haɗa amino asid da ɗan sukarin da ke cikin nama, su haifar da launin ƙasa-ƙasa da tarin sinadarai masu ƙanshi. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce ke ba ɓawon burodi da tsire da soyayyar gyaɗa ƙanshinsu. Abin da Hausa ta kira garɗi ke nan. Hayaƙi kuma yana ɗauke da wasu sinadarai, dangin finol, da ke fitowa idan itace ya ci wuta a hankali. Su ne ke liƙewa a ɓawo su ba da ƙanshin banda, su rage ƙarfin bakteriya, su jinkirta lalacewar mai. Tun da daga itace suke fitowa, kowane itace da irin nasa. A bakin Volta ana yawan hura mangurob, itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, har akwai kasuwarsa a garin Anyanui. Wasu sukan ƙara ɓawon kwakwa ko tukar rake don launi ya yi kyau. Haka ake yi har gaɓar Kamaru, inda ake ce wa ƙananan jatan lande njanga, ragar da ake ƙyafe su a kai kuma a can ma banda ake kiranta.

Haɗarin banda shi ne gaggawa. Idan wuta ta yi ƙarfi tun farko, bayan naman yakan bushe ya yi tauri kamar fata, ya toshe hanyar da ruwan ciki zai bi ya fita. Ido zai ga ja, kunne zai ji karyewa, alhali ciki ɗanye ne. Da an ɗura shi a buhu, ruwan cikin yakan dawo waje sannu a hankali, ya jiƙa abin da ya bushe, bakteriya da funfuna su tashi. Abin da ya sami buhunan nan 6 ke nan: mai su yana son ya riga kowa zuwa kasuwa, itacensa jiƙe ne, ya cika wuta don ya gama da wuri. Jikar ta ba ta labarin tsibirin Hokkaido na Japan, inda ake busar da naman wata ƙumba mai faɗi. Bayan an tafasa shi, a shanya, a kwashe a bar shi ya huta don ruwan ciki ya fito, a sake shanyawa, haka har kusan wata guda. Hajiya ta yi dariya ta ce ai ba sai an je Japan ba. Matan da ta fara ciniki da su haka suke yi: a ƙyafe yau da ƙaramar wuta, a bar shi ya kwana, gobe a maimaita.

Ba jatan lande kaɗai wannan doka ta shafa ba. A ƙasan kogin Volta, wajen Ada da Sogakope, ana tsamo wata ƙumbar kogi da ake kira adode, a tafasa ta har ɓawon ya buɗe, a cire naman, a soya shi a jera a tsinke, wani kuma a busar. Masu ɓawo biyu irin wannan suna da wani sinadari, sakasinik asid, da ke ba romonsu ɗanɗanon da babu irinsa a kifi, kuma namansu yakan koma kamar roba idan zafi ya yi yawa. A Senegal kuwa akwai wani babban dodon koɗin teku da ake kira yeet, wanda da gangan ake bari ya fara ruɓewa kafin a shanya, a jefa yanki ɗaya cikin shinkafa da kifi. Abin da Hajiya za ta kira aibi, a can shi ake nema. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce wanda ya san yadda ake daddawa ba ya yi wa kowa dariya.

Har haɗin da take ba masu shito ya sami bayani a littafi. Kullum takan ce a haɗa na banda da ɗan na rana, kada kuma a soya ba garin busasshen kifi. Naman kifi yana da wani sinadari, inosinet, wanda wani ɗalibin Ikeda mai suna Shintaro Kodama ya gano a busasshen kifin Japan a 1913. Daga baya aka tabbatar cewa idan ya haɗu da gulutamet, ƙarfin ɗanɗanonsu yakan ninka, ya wuce abin da kowannensu zai ba da shi kaɗai.

A kan abu ɗaya ne littafi da harshe suka saɓa, kuma saɓanin bai zo da sauƙi ba. Jikar ta karanta cewa idan mai ya ɗiga cikin harshen wuta, ko itace ya yi baƙin hayaƙi mai kauri, wasu sinadarai sukan samu su liƙe a abinci. Ɗaya daga cikinsu, benzopairin, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Tun daga 2014 Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce maikurogiram 2 a kowane kilo na ƙyafaffen kifi ba. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a 1969 tare da matan wata unguwar masunta ta Akra mai wannan suna, ya rage cin itace ƙwarai, ya bazu ƙasashe da yawa, amma a cikinsa kayan a saman wuta suke zaune kai tsaye. Shi ya sa aka fito da wani sabo, Ahotor, mai ɗakin wuta daban da farantin tare mai. Ma'anar wannan duka, in ji yarinyar, ita ce baƙin bandar nan da masu ciniki suka fi so ita ce ta fi ɗaukar abin tsoro.

Hajiya ba ta ji daɗin maganar ba.

"Kishiya, shekara 60 ina cin abin nan. Ga ni zaune. Ke da kike cin na kwali, ko wata ba kya yi ba ki sha magani ba."

"Kaka, ba a rana ɗaya yake kama mutum ba. Kuma ba ke kaɗai ke ci ba, har yaran makaranta."

Aka yi makonni ba a sake tayar da zancen ba. Abin da ya karya mata gwiwa ba lissafi ba ne. Wata tsohuwar abokiyar cinikinta ce daga wajen Keta, wadda ta fi kowa iya banda, aka kawo ta asibiti a Akra, Hajiya ta je dubiya. Ta tarar da ita idanu sun yi ja sun dushe, tari ba ya barinta ta gama gaisuwa. Shekara da shekaru ta yi a durƙushe cikin rumfar hayaƙi, kuma mafi kyan kayan da suka yi wa Hajiya suna daga hannunta suka fito. A motar dawowa ba ta ce uffan ba. Da daddare ta kira jikar ta ce, abin nan da ake ta faɗa, a kawo ta ɗanɗana.

Yarinyar ta mai da shi aikin bincikenta na shekarar ƙarshe. Ta sayi ɗanyen jatan lande na kamu ɗaya, ta kasa huɗu. Wani ta busar ɗanye a cikin rumfar leda mai tara zafin rana, wadda ke kare ƙuda da yashi da yayyafi. Wani ta tafasa ta busar a na'urar iska mai zafi. Wani aka yi masa banda irin ta da. Na huɗu ta ɗan tafasa shi cikin ruwan gishiri kaɗan, ta ƙafar da romon ta yayyafa masa, ta busar a rumfar leda da hutu a tsakani, sa'an nan a ƙarshe ta ba shi ɗan hayaƙin garwashi na gajeren lokaci, nesa da harshen wuta. Ta jera su a faranti huɗu ba alama, ta ajiye a kan teburin rumfa.

Hajiya ta rufe ido. Na farko ta ce na rana ne, amma ba yashi, ta tambayi inda aka shanya shi. Na biyu ta daɗe tana taunawa, ta ce tsabtatacce ne, ba ta da abin zargi a kansa, sai dai kusan lami ne, yaro za a ba. Na uku ta gane shi tun daga hanci, fuskarta ta saki. A kan na huɗu ta yi shiru. Ta sake ɗaukar wani, ta tsaga shi da farce, ta duba cikin.

"Wannan wa ya yi shi?"

"Kishiyarki."

"Bai kai na ukun garɗi ba. Kada ki bari kowa ya ce miki ya kai." Ta sake taunawa. "Amma zan iya sa sunana a kansa."

A wannan makon ta shiga madafa da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta soya shito da garin na huɗun. Ta cika kwalbar nan da aka bari a kan teburinta, wadda ta wanke ta ajiye tun ranar, ta ba jikar ta ce ta kai wa mai waakye, kada ta yi wani dogon bayani. Yarinyar ta same ta da safe, layi ya yi tsawo a gaban tukunya. Matar ta dubi kwalbar, ta gane ta. Ta buɗe, ta lakata da bayan cokali, ta ci gaba da zuba wa mutane abinci. Sai da layin ya ragu ta juyo.

"Ki gaishe da Hajiya. Ki tambayo mini nawa take ba da olonka."

Olonka shi ne gwangwanin da ake awo da shi a kasuwannin Gana, kamar yadda ake yi da mudu a Arewa.

Yanzu daro huɗu ne a rumfar. Na huɗun ya fi tsada, domin ya fi cin lokaci, kuma mata biyu ne kawai a bakin kogi suka yarda su riƙa yin sa. Na banda irin ta da har yanzu shi ya fi tafiya, Hajiya kuma ba ta daina sayar da shi ba, sai dai ta daina karɓar wanda ya yi baƙi. Ran Asabar, idan aka sauke sabon buhu, takan matsa gefe a kan benci ta ce jikar ta fara. Yarinyar takan kai hannu sama-sama, Hajiya ta buge mata shi.

"Tsakiya, kishiya. Tura har gwiwar hannu."